Kujera Mai Zubar da Fata

Ranar Asabar da hantsi Alhaji Issouf ya ɗaga murfin kujera ya tarar babu littafin rijiyoyi. Kafin shayin farko ya huce mutanen unguwa sun cika tsakar gidansa, kowa da ɓarawonsa a baki.

Kujerar tana cikin wata mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da doguwar kujera mai ma'aji a ƙarƙashinta. Wasu Nasara mata da miji ne suka bar masa ita amana a shekarar da baƙi suka daina zuwa Agadas, suka ce za su dawo bayan damina. Damina goma sha bakwai ta wuce. Ƙafafun motar sun nutse a ƙasa har rabi, Alhaji kuwa, wanda a da shi ke jagorantar baƙi cikin hamadar Tenere, ya mai da ita zaure. A nan yake shan shayi da abokansa, a nan yake ɓoye abin da ba ya so a share.

Fatar kujerar ba fata ba ce. Yadi ne aka shafa wa roba aka yi masa zanen fata, zafin Agadas kuma ya daɗe da gano ƙaryar. Ɓarewa take yi tana zuba, ƙananan ɓawo masu launin rairayi, duk wanda ya zauna sai ya tashi da su a gadon baya. A kasuwa daga baya ake gane wanda ya sha shayin Alhaji.

Littafin na kawunsa ne, madugun ayarin gishiri, wanda ya rubuta da ajami duk rijiyoyin tsohuwar hanyar raƙuma ta gabas: wane dutse za ka bari a dama, wane tauraro za ka sa a gaba, kwana nawa tsakanin ruwa da ruwa. Tun da aka samu zinariya a Jado masu mota suke zuwa roƙonsa, Alhaji yana ba su shayi suna tafiya.

Ba rashin littafin ne ya hana shi zama ba. Rijiya ta huɗu a ciki, wadda madugu ya kira Farar Rijiya, ta mutu. Shi da kansa ya tsaya a bakinta shekara ashirin baya, ya tarar rairayi ya cike ta fal. Bai gyara rubutun ba, don ba a ɗora alƙalami a kan hannun madugu. Yanzu duk wanda ya ɗauki littafin ya auna ruwansa da shi zai isa wurin da bido, wato jarkar ruwa, babu ko ɗigo. Ayarin motocin gabas kuma ranar Litinin yake tashi.

Alhaji ya tsaya a ƙofar motar ya faɗi haka da ƙarfi, don ɓarawon ya ji. Jama'a suka gyaɗa kai cikin yabo.

"Dabara ce mai kyau, Alhaji," in ji maƙwabcinsa Shamsu, mai sayen zinariya. "Sai dai ɓarawon ba jariri ba ne."

Daga nan aka tuna cewa ranar Alhamis Abubakar Sadiƙ, mai gyaran kujeru, ya shiga motar ya auna kujerar don a sake mata sutura. Mutumin Tasawa ne, wata shida kacal a gari, ba shi da kawu a unguwar. Shaidu uku ke nan, ba a ga dalilin neman ta huɗu ba. Da samari suka nufi rumfarsa, Abdou ne ya tare su a bakin ƙofa. Abdou mijin Souwaiba ne, 'yar Alhaji, mai tuƙa motar ruwa zuwa Jado, kuma mutumin da ya fi kowa tsawo a unguwar.

"Ba wanda zai taɓa shi," ya ce, bai ɗaga murya ba.

Alhaji ya ji daɗin surukinsa. Yaron yana cikin nasa tashin hankalin, kwana shida ba a ji ɗuriyar motar ƙanensa Zaharaddin ba, amma bai manta da adalci ba.

*

Alhaji da kansa ya je ya ɗauko Alkasum mai bin sawu. Gajeren tsoho ne, busasshe, wanda ya yi shekara hamsin yana nemo ɓatattun raƙuma da ɓatattun mutane, ya ce raƙuman sun fi sauƙi don sun san inda za su. Kansa kullum a sunkuye yake. Ana cewa bai san fuskar kowa a Agadas ba, da ƙafa ya san mutane.

Ya tsaya a bakin gida ya dubi ƙasa.

"Mutum nawa suka zo taimaka maka, mai motar da ba ta tafiya?"

"Za su yi arba'in."

"Sun taimaka."

Ya taka a hankali yana magana da ƙasa kamar mai gaisawa da dangi. Maƙwabciya Hajiya Balki ta zo sau biyu, in ji shi, na biyun da jika a goye. Liman ya yi sabon takalmi, yana matsa masa a hagu, girma ya hana shi faɗa. Akuyar Hajiya Balki ta ratsa tsakanin mutane, ciki gare ta, biyu ne, kuma ba za ta wuce gobe ba. Alhaji ya dubi wurin da tsohon ke nunawa. Ƙasa ce kawai, tattakakkiya. Shekara talatin yana ratsa sahara da taswira da komfa mai nuna arewa, Nasara suna ɗaukarsa hoto a matsayin wanda ya san hamada, ga shi a tsakar gidansa ya zama makaho.

A cikin motar Alkasum bai zauna ba. Ya durƙusa ya ɗaga murfin kujerar, ya sake shi, murfin ya faɗo da ƙara. Ya sake ɗagawa, ya sake saki.

"Me ke riƙe maka shi?"

"Ƙarfen ya karye tuni. Da sanda nake tokarewa. Ga ta can a lungu."

Alkasum ya dubi sandar bai taɓa ta ba. Gizo ya yi saƙa tsakaninta da bango.

"Wa ya san da ita?"

"Duk mai shan shayi a nan."

"Riƙe mini."

Alhaji ya riƙe murfin, tsohon ya zura kai cikin ma'ajin ya daɗe. A ƙurar ƙasan akwai shatin tafin hannu biyu, yatsu a baje, kamar na mai lalube. Ya ƙirga yatsun da leɓensa. Sannan ya goga babban yatsansa a ƙarƙashin bakin murfin, ya duba, ya share a cikin hannun rigarsa.

"Ka ga wani abu?"

"Na ga kana bukatar sabuwar kujera."

*

Sun tarar da Abubakar Sadiƙ a rumfarsa yana cire ƙusoshi daga wata kujerar mota. Da ya ga Alhaji ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Na hagun yatsa huɗu gare shi, keken ɗinki ya ci guda tun yana koyo.

"Ranka ya daɗe, wallahi awo kawai na yi. Kai ka riƙe mini murfin da hannunka."

"Ba littafi ya kawo ni ba," in ji Alkasum. "Kujerar nan nake so ka gaya mini. Me ke damunta?"

Mutumin da aka yi kwana guda ana kira ɓarawo, aka tambaye shi sana'arsa, sai ya miƙe tsaye sosai.

"Simili ce, Baba, fatar kanti. Fata ta gaske tsufa take yi, ka shafa mata mai ta gode maka. Wannan ba ta tsufa, mutuwa take yi a tsaye. Robar sama ta rabu da yadin ƙasa, shi ke nan. Mutane su shafa man shanu, su shafa man gyaɗa, wani har fenti, duk ɓata lokaci. Sai dai a yaye a sa wata."

"Launin rairayi aka yi ta?"

"Ina. Rana ce ta cinye ta. Ja ce wur, kamar barkono. Duba inda aka lanƙwasa ta ƙarƙashin murfi, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, jan yana nan. Can ma ta ruɓe, amma ba bushewa ta yi ba, danƙo ta yi. Abin da ta taɓa ta bi shi."

Alkasum ya yi masa godiya kamar wanda aka ba kyauta.

Wajen Shamsu ba su daɗe ba. Sau uku ya taɓa roƙon ya ɗauki hoton littafin da salula, kuma bayan rigarsa ɓawo ne fal.

"Ni da taswira a aljihu me zan yi da karatun raƙuma?" ya ce. "Ranar Juma'a ma ba na gari."

"Na sani. Ingal ka je, ka dawo ta hanyar da ba ta da shingen jami'ai, ka tsaya sau ɗaya ka canja ƙafar baya. Gaida mai jegon da ka je gani."

Shamsu ya juya ya dubi ƙafafun motarsa.

Da suka koma gida Souwaiba ta kawo musu ruwa. Alkasum ya tambaye ta wa ya san inda littafin ke kwana.

"Duk wanda aka haifa a gidan nan, Baba. Muna yara mun zaci Alƙur'ani ne."

"Maigidanki lafiya?"

"Baban Nafi ba ya ci ba ya sha. Tun jiya yake ɗaure bidodi a mota."

Alhaji ya raka tsohon bakin titi. Rana ta karkata, saura yini guda.

"Alkasum, ka san shi ko ba ka san shi ba?"

"Na san bai san da sanda ba, kuma hannu biyu gare shi kamar kowa. Gobe bayan la'asar ka tara mini su."

*

Ranar Lahadi da safe akuyar Hajiya Balki ta haifi biyu. Labarin ya riga la'asar zagaya unguwa, shi ya sa waɗanda aka kira da waɗanda ba a kira ba duk suka zo.

A gaban ƙofar motar akwai tasa a kife. Alkasum ya ce tun jiya ya rufe sawun ɓarawo da ita. Shamsu, wanda ya kwana yana tunani, ya ce shi ma yana da hujja: ɓarawo dole ya taɓa kujera, kujera kuma ba ta rufa wa kowa asiri, don haka kowa ya juya baya a gani. Aka juya. Liman da ɓawo, Shamsu da ɓawo, Abubakar Sadiƙ da ɓawo, Alhaji kansa kamar an barbaɗa masa dusa. Mutum ɗaya ne bayansa tas, Abdou, wanda ke tsaye can bakin ƙofar gida inda ya saba tsayawa. Ba wanda ya yi mamaki. Shekara tara da aure bai taɓa zama a shimfiɗa ɗaya da surukinsa ba, bai taɓa shan ruwa a gabansa ba, balle ya shiga motarsa ya miƙe ƙafa.

"To Abdou ya fita," in ji Shamsu. "Saura mu."

"Ya matso duk da haka," in ji Alkasum. "Idon mai tuƙi ne da shi, ya taya mu gani. Ku kewaye. Sawun ba shi da zurfi, sai kun sunkuya sosai."

Ya ɗauke tasar. Maza goma sha biyu suka haɗa kai a kan ƙasa, kowa yana ƙoƙarin ya ga ƙafar maƙwabcinsa. Alhaji ma ya sunkuya, amma bayansa ya ƙi, ya ɗago. A nan ya ga abin da bai taɓa gani ba tun suna samari: Alkasum a tsaye a kan matakalar mota, wuyansa a miƙe, ba ƙasa yake kallo ba. Idanunsa suna bin kawunan mutane ɗaya bayan ɗaya, a natse, yadda suke bin tudun rairayi. Suka tsaya a wuri guda. Sannan tsohon ya sauko, ya koma gajeren mutum mai sunkuyayyen kai.

"Sawun wa kuka gani?"

Aka ambaci sunaye uku, biyu daga ciki na Abubakar Sadiƙ ne.

"Nawa ne," in ji Alkasum. "Da safe na taka. Amma wanda ya lalube ma'ajin nan ya bar yatsa goma a ƙura. Mai kujeru, ɗaga hannunka." Abubakar Sadiƙ ya ɗaga. "Tara. Wanda ya kira shi ɓarawo ya san hanyar rumfarsa, ya je ya nemi gafara. Littafi kuma zai kwana a gida yau. Ku tafi, magariba ta kusa."

Jama'a suka watse ba da son ransu ba, an hana su ɓarawo bayan sun yi wanka sun zo. Abdou ya juya zai bi su.

"Mai motar ruwa, kai tsaya."

*

Sai da Alkasum ya faɗa sau biyu kafin Abdou ya shiga motar. Ya durƙusa kusa da ƙofa, idonsa a ƙasa. Alhaji yana zaune a kan kujera, bai fahimci komai ba, amma wani abu a ƙirjinsa ya fara fahimta.

"Ba zan ce ka cire rawani a gaban surukinka ba," in ji Alkasum. "Sunkuyar da kai kawai."

Abdou ya sunkuyar. A ƙoƙon farin rawanin, cikin ninkin yadi, akwai jan layi na ƙananan ɗigo, manne kamar an ɗinka su. Ja wur, kamar barkono.

"Hannu biyu a cikin ma'aji, sanda a lungu da saƙar gizo, murfi ba ya tsayawa da kansa," in ji tsohon. "Me ya rage wa mutum ya tokare da shi? Duk wanda ya taɓa shan shayi a nan ya san da sandar. Wanda bai sani ba shi ne wanda kunya ta hana shi shigowa. Ya karkaɗe rigarsa, ya share sawunsa da kyau, na yaba. Amma rawani a naɗe yake cire shi ya mayar kamar hula, kuma Allah ya yi shi dogo. Ba mai ganin saman kansa a garin nan sai tsuntsu."

Abdou ya sa hannu a ƙirjin rigarsa ya fito da littafin a naɗe cikin tsumma, ya ajiye a gaban Alhaji da hannu biyu.

"Lokacin da aka tafi Juma'a ne, Baba." Bai ɗago kai ba. "Kiran ƙarshe da Zaharaddin ya yi, ya ce akwai 'yan fashi a babbar hanya, za su bi ta raƙuma. Ban san ta ba. Na ce in bi ayari zuwa rabi, in ratse in neme shi."

"Me ya hana ka tambaye ni?" in ji Alhaji.

Abdou ya ƙara sunkuyar da kai.

"Shekara tara bai roƙe ka ruwan sha ba," in ji Alkasum, "littafin madugu zai roƙa?"

Alhaji ya dubi Abdou. "Ka ji abin da na faɗa a kan Farar Rijiya?"

"Na ji, Baba. Na zaci dabara ce."

"Ruwan da ka ɗaura zai kai ka ina?"

"Farar Rijiya. Da ragowar yini guda."

Alhaji ya rufe ido. Ya ga wurin kamar jiya: fili fari fat har iyakar gani, ba itace, ba tsuntsu, ba ko ƙuda, shiru mai nauyin da mutum ke jin bugun jininsa a kunne. Da'irar duwatsu a tsakiya, rairayi a cikinta har baki, lallausa, kamar ba a taɓa jefa guga a wurin ba. Ya ga dogon yaron nan a durƙushe yana tono da hannu, da littafin kawunsa a buɗe a gefe yana rantse masa cewa akwai ruwa. Ya ga Souwaiba da Nafi a bakin ƙofa. Ya buɗe ido ya dubi jan ɗigon da ke kan rawanin, ruɓaɓɓiyar robar da ya shekara goma yana tsine wa, ya yi tasbihi a hankali.

"Kwana bakwai ke nan," in ji Alkasum, yana ƙirgawa da yatsu. "Iska ba ta tashi ba tun farkon wata. Sawun mota mai kaya yana kwana goma a wancan rairayin, in an san yadda ake tambayarsa. In sun yi hankali sun zauna a inuwar mota ba su yi tafiyar ƙafa ba, akwai magana. Ka ninka ruwanka. Ka bar mini gaban mota, ba na hawa kan bido."

Abdou ya ɗago kai a karo na farko, ya dubi Alkasum.

"Baba, za ka je?"

"Littafi ya san inda ruwa yake shekara sittin baya. Bai san inda ƙanenka yake ba."

Tsohon ya juya ya dubi kujerar, ya yi ɗan tsaki, ya zauna a kanta, ya ce a dafa shayi.

Alhaji ya warware tsumman. Ya buɗe shafin rijiya ta huɗu, inda rubutun madugu ya tsaya baƙi ƙirin, kowane harafi da ƙarfinsa kamar mai shi yana raye. Ya kira Souwaiba ta kawo tawada da alƙalami. Ya daɗe da alƙalamin a sama. Sannan ya yi bisimilla, ya roƙi gafarar kawunsa a zuci, ya rubuta a gefen sunan Farar Rijiya, da nasa karkataccen hannun: ta mutu.

Ya hura tawadar ta bushe, ya miƙa wa surukinsa littafin.

"Ungo. Sauran rijiyoyi ukun suna nan."

Da hantsin Litinin ya raka su tasha. Motar ruwa ta shiga layin ayari, Alkasum ya kama ƙofa zai hau, bayan rigarsa duk ɓawon kujera. Alhaji ya ɗaga hannu zai karkaɗe masa, sai ya fasa, ya bar shi ya tafi da su.